Na sayi The Great Gatsby, babi na bakwai ya yi ɓatan dabo

Wata uku wani abokina yana cika mini kunne da yabon littafin nan, har na gaji na sayo kwafi a wurin masu baza littattafai a bakin titi. Farashin kun san shi. Bango fes, takardar ciki kuwa ko ƙosai ba za ta riƙe ba. Na ce ba komai, labari na zo nema.

Kuma labarin ya kama ni. F. Scott Fitzgerald ya fitar da shi a 1925, abin da ke ciki kuma ya faru ne a 1922 a Long Island, gefen birnin New York. Gatsby ɗan talakawan manoma ne daga North Dakota, sunansa na yanka James Gatz. Ya yi kuɗi da fasa-ƙwaurin giya lokacin da Amurka ta haramta ta, ya sayi katafaren gida a West Egg don kawai ya riƙa hango koriyar fitilar da ke gidan Daisy, budurwarsa ta da, wadda ta auri Tom Buchanan mai kuɗin gado. Duk ƙarshen mako gidansa maƙil da 'yan cin banza, yawancinsu ba a gayyace su ba, suna ci suna sha suna gulmar mai gidan.

Daren Alhamis na kai babi na bakwai. An taru a otal ɗin Plaza, zafi ya ishi kowa, Tom ya fara tona wa Gatsby asiri a gaban Daisy. Na juya shafi, sai ga ni a babi na shida! Na ɗauka barci ne. Na duba lambobi, ashe shafi goma sha shida aka maimaita, na ainihin kuma babu su. Da na wuce gaba sai na tarar Myrtle, farkar Tom, har ta mutu, mota ta buge ta, ban san ta yaya ba. Washegari na koma, mai littafin ya ce, “Malam, haka suka zo mana.” Ya buɗe sauran kwafi biyun da ke gabansa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuɗina kuwa ya ce sun riga sun shige. A waya na karanta wurin, ina murtsuke ido.

Na ɗan huce da na kai jana'izar Gatsby. Daisy ce ke tuƙa motar da ta buge Myrtle, Gatsby ya rufa mata asiri, mijin Myrtle ya harbe shi a wurin wanka. Duk ɗaruruwan da suka ci arzikinsa, a maƙabarta sai Nick mai ba da labarin, da tsohon uban Gatsby, da limamin coci, da 'yan aikin gida, da mai kai wasiƙa, sai wani mai tabarau da ya iso cikin ruwan sama. Daisy ko fure ba ta aiko ba. Na ajiye littafin na daɗe shiru.

To amma mai tabarau ɗin nan shi ne ya taɓa shiga ɗakin karatun Gatsby yana mamakin littattafan na gaske ne, ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Tuna wannan ya sake tayar mini da haushi: wanda ba ya karatu nasa cikakku, ni da na hana idona barci aka sayar wa gurgu. Kwafin yana nan na tokare taga da shi.