Sharhi kan kundin Tarihin Musulunci a Ƙasar Hausa da ake sayar wa ɗalibai

Kundin da nake magana a kansa shi ne wanda shagon fotokwafi na bakin makarantarmu, a nan karkarar Jigawa, yake haɗawa ya ɗinke ya sayar wa masu ɗaukar darasin tarihi da addini. Babi-babi ne da aka tsinto daga littattafai daban-daban, kuma da yake yawancinmu 'ya'yan manoma ne, samun karatun zango guda a kan kuɗin da bai fi na 'yan mudun gero ba sauƙi ne na gaske. Ɗinkin yana da ƙarfi, masu shagon kuma suna da mutunci, har sukan ɗaga wa ɗalibi ƙafa zuwa ranar kasuwa.

Bugun ne yake da rauni. Tawada ta dusashe a shafuka da dama, kuma inda aka kawo nassin Larabci ɗige-ɗigen haruffa sun ɓace, wanda ba ƙaramin lahani ba ne ga aya ko hadisi. Mafi muni, an yanke shafin farko na kusan kowane babi, saboda haka mai karatu ba ya sanin wanda ya rubuta, balle shekarar da aka rubuta.

Babin da ya fi inganci shi ne na shigowar Musulunci Kano. Ya bayyana zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, sannan ya yi bayanin zaman Shaihu Maghili a Kano lokacin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da nasihar da ya rubuta masa kan yadda ake riƙon jama'a. Marubucin ya faɗi a fili cewa madogararsa tarihin sarakunan Kano ne da aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan faruwar abubuwan, don haka ya ja kunnen ɗalibi da ya yi hattara. Babin da ke gabansa bai yi wannan adalcin ba, domin ya kawo labarin Bayajida da macijiyar Kusugu tamkar abin da aka tabbatar, ba tare da ya ce riwayar baka ce ba.

Damuwata ta fi yawa a babin jihadi. Shekarun daidai suke: hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, faɗuwar Alƙalawa a 1808, da rasuwar Shehu a 1817. Sai dai an cire muhawarar da aka yi da Shehu Laminu na Barno, wanda ya rubuta wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla da azumi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa bai ɓoye waɗannan wasiƙu ba, ya saka su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri tare da amsarsa. Idan malaman jihadi ba su ji tsoron nuna hujjar wanda ya saɓa musu ba, ban ga dalilin da zai sa a ɓoye wa ɗalibin yau ita ba. Ina girmama Shehu Usmanu da almajiransa, kuma wannan girmamawar ce ta sa nake son a karanta su yadda suka rubuta kansu, da ilimi da jayayya.

Sannan ƙasarmu ta Jigawa kusan ba ta cikin kundin. Ɗalibin da ya karanta shi zai ɗauka duk Arewa tutar Sakkwato ta bi, alhali Gumel a ƙarƙashin Barno ta zauna. Babu labarin Ɗantunku na Kazaure da rikicinsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, babu Sarkin Haɗeja Buhari da ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Babin zuwan Turawa ya tsaya a kan cin Kano da Sakkwato a 1903, bai ko ambaci yaƙin Haɗeja na 1906 ba, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa, wanda har yau Mai Shahada ake kiransa. Talakan da ya biya jangali da kuɗin ƙasa, da malamin tsangayar ƙauye da ya yaɗa karatun, ba a ba su ko shafi ɗaya ba.

Wanda jarrabawa ce a gabansa ba shi da makawa sai ya saya, kuma mutum biyu za su iya haɗa kuɗi su yi amfani da guda. Amma ya duba kowace aya a cikin Alƙur'ani kafin ya kwafe ta. Roƙona ga masu shagon shi ne su mayar da shafukan da ke ɗauke da sunayen marubuta, malamanmu kuma su ƙara babi a kan Haɗeja, Gumel da Kazaure kafin bugu na gaba.