Tafiyarmu Yankari da masu haɗa yawon ƙarshen mako: ruwan Wikki ya wanke min rai, amma direbansu ya kusa hallaka mu

Sati biyu kenan da dawowarmu, da gangan na ƙi cewa komai sai da zuciyata ta ɗan huce, don da a ranar da muka dawo na ɗauki waya wallahi ba abin da zai fito sai zagi. Masu ta tambayata ya tafiyar Yankari ta kasance da yaran nan masu haɗa yawon ƙarshen mako daga Kano, to ga amsarku. Ba zan kama sunansu ba, duk mai hawa Instagram ya san irinsu, kuma kuɗin da suke yanka wa mutum kun fi ni sani, ni kuma mutum huɗu na biya wa, ni da uwargida da yara biyu, sai ku lissafa.

Alkawarin da aka yi mana a guruf ɗin WhatsApp shi ne tashi ƙarfe 6 na safiyar Asabar, a isa da azahar, a shiga daji kallon namun daji da yamma, a kwana, a sake shiga da sassafe ranar Lahadi sannan a kamo hanya. Shiga daji sau biyu. Ku riƙe wannan don a kansa duk rigimar take. Mun je wurin haɗuwa tun biyar da rabi cikin sanyin nan na Disamba yara na rawar ɗari, ba a tashi ba sai takwas da rabi, wai ana jiran wasu 'yan mata uku da ba su gama shiri ba. Na haɗiye wannan, na ce tafiyar taro ai sai haƙuri.

Mota biyu ce, irin homa ɗin nan. Shi mai haɗa tafiyar ya shiga ta gaba da abokansa, mu masu iyali aka zuba mu a ta baya. Daga Kano zuwa Wudil lafiya lau. Muna wuce Birnin Kudu sai na ji motar ta canza murya, direbanmu yaro ne matashi da ƙyar in ya kai 25, ya ƙure kiɗa, ya fara bin ta gaban nan kamar ya ga abokin gaba. Ya sha gabanta, wancan ma ya taka ya sha gabanmu yana danna hon, 'yan cikin motarsu suna leƙo kai ta taga suna ihu suna ɗaukarmu bidiyo, shi kuma namu yana dariya yana dukan sitiyari. Ina kujerar bayan direba, na leƙa na ga allura ta haura 140, a wannan titin da kowa ya san falan ɗaya ne, ga ramuka, ga tireloli na tahowa, ga shanu na tsallakawa ba sallama. Na taɓa kafaɗarsa na ce Malam direba dan girman Allah ka sassauta, akwai yara a motar nan. Ya ce "Oga kwantar da hankalinka, mu ne fa 'yan wasan mota, duk Lahadi muna fita, wannan ai ba gudu ba ne." Wani dattijo da ke bayanmu, da shi da matarsa da jikokinsa, ya ce yaro ka ji tsoron Allah, amana ka ɗauko. Ya rage na kamar minti biyar, wancan na sake wuce mu ya sake takawa.

Babban ɗana yana da shekara 11, ba abin da yake so kamar tseren mota, kullum yana cikin wayata yana kallon su Lewis Hamilton, to ko shi a ranar sai da ya ƙanƙame hannuna ya ce Abba ka ce ya daina. Kuma abin da ke ƙona min rai kenan har yau, waɗancan da yake kallo fili aka ware musu, mutum ɗaya ne a motarsa da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, ga likitoci a gefe suna jira, kuma shi ya zaɓi ya sa ransa. Mu wa ya tambaye mu? Mutum goma sha da kananan yara a mota ɗaya, ka mai da mu kayan wasa saboda abokinka ya wuce ka.

Ba mu kai Ningi ba tayar baya ta fashe. Ƙarar kamar an harba bindiga. Motar ta yi dama ta yi hagu ta sake yin dama, ba ka jin komai sai salati da kukan yara, uwargida ta rungume autarmu ta rufe ido tana innalillahi, ni dai na sadaƙar. Allah cikin ikonsa ba mota a gabanmu a lokacin, muka gangara gefen titi muka tsaya a bakin wata gona ƙura ta rufe mu. Ba wanda ya ji rauni sai wata baiwar Allah da ta bugu a goshi. Na fito ƙafafuna ba sa ɗaukata, na zauna a ƙasa dirshan.

Ita kuma motar gaba ko waiwaye. Muka kira shi mai haɗa tafiyar, da ƙyar aka samu sabis, ya ce "Yallaɓai ku yi haƙuri, ku sa safaya ku biyo mu, in muka tsaya duka za a yi asarar bukin ɗin da muka yi a Yankari." Aka buɗe but, safayar a sace take kuma ta suɗe tas kamar tafin hannu, jak ɗin ma ba ya ɗagawa. Haka muka zauna sama da awa uku a bakin hanya, direba ya hau acaɓa da taya ya tafi neman mai faci, mu kuma muna ƙarƙashin wata bishiyar kuka. Allah ya saka wa mutanen ƙauyen nan da alheri, su suka kawo mana tabarma da ruwan alwala, wata Bafillatana ta dama wa yara fura ta ƙi karɓar kuɗi sai da uwargida ta matsa mata. A nan muka yi azahar.

Sai bayan la'asar muka shiga Bauchi, muka tsaya aka sai masa don yunwa ta ci mu, masar Bauchi kam ba a magana. Daga nan hanyar Gombe, a Dindima aka karkata, muka isa ƙofar shiga ta Mainamaji rana na faɗuwa. Ni a zatona an iso kenan, ashe daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, wannan ma ba wanda ya gaya mana. Shigar yamma dai ta wuce mu, an gama an dawo. Na shiga ɗaki raina a jagule na ce wa uwargida gobe da asuba mota zan nema mu koma, na fasa komai. Ta ce Abban yara tunda Allah ya kawo mu da ranmu ka daure ka kai su ruwan nan ko sau ɗaya, tun Kano suke zancensa.

To jama'a a nan labari ya juya. Ni sunan Wikki a ƙwallo na san shi, Wikki Tourists ta Bauchi, ban taɓa kawo wa raina abin da sunan ke nufi ya kai haka ba. Bayan isha muka sauka matakalar nan mai tsawo, sanyi na busawa, ina ta faɗan kar wanda ya shiga ya kwaso min mura. Na tsoma ƙafa sai na ji ɗumi, ɗumi mai daɗi irin na ruwan da uwa ke sirka wa jariri, ba zafi ba sanyi. Ruwan daga ƙarƙashin wani katon dutse yake ɓulɓulowa, garau kamar gilashi, ga fitila ta haske shi kana hango farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, bishiyoyi sun yi masa rumfa ta ko'ina. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa, kuma lita miliyan 21 yake fitarwa kullum ya gangara kogin Gaji, shi ya sa ba ya tsayawa balle ya yi datti ko wari irin na kwamin wankan otal. Wajen bakin dutsen yana da zurfi sai wanda ya iya iyo, amma can ƙasa iya gwiwa ne zuwa ƙugu, nan yara suka baje. Na kwanta a ciki na kalli sama ga taurari, wallahi duk ciwon jikin nan da tsoron da ya daskare min a ƙirji tun Ningi sai na ji yana narkewa. Uwargida da ta ce ita ƙafa kawai za ta sa, sai da na yi da gaske ta taso daga bakin ruwan. Kusan awa biyu muka yi. A hanyar komawa ɗaki na ce mata na yafe wa yaran nan, ko don wannan ruwan kuɗina bai tafi a banza ba. Har zuciyata na faɗa.

Da safe aka tayar min da mikin. Muna karyawa 'yan motar gaba suka zo suna nuna bidiyon jiya, ashe da yamman nan da muke kan hanya bayan jiran mai faci a gindin kuka su sun ci karo da garken giwaye a kusa da kogin Gaji, manya da 'ya'yansu suna tsallaka hanya a gaban motarsu. Ɗana ya karɓi wayar ya kalla ya sake kalla, bai ce komai ba ya miƙa musu. Yaron nan wata biyu yana ƙirga kwanaki saboda giwa.

Muka shiga tamu ta safe da fatan Allah ya sa mu dace. Gaskiya mai rakiyar da aka haɗa mu da shi, ma'aikacin wurin ne, mutumin kirki ne kuma ya san dajin kamar tsakar gidansu. Mun ga gwambaza da mazo, mun ga gadu da 'ya'yanta a jere sun ɗaga jela suna gudu, mun hango ɓauna daga nesa, tsuntsaye kuwa kala-kala, ya ce sun haura iri 350. Ya kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, yara suka leƙa ciki. Giwa kuwa sai sawunta da kashinta ɗanye a kan hanya, ya sauka ya duba ya ce ba su jima da wucewa ba, aka zaga aka zaga shiru. Ya ce wa ɗana ka yi haƙuri, dajin nan ya fi murabba'in kilomita 2,200, ba gidan zu ba ne da za a ɗaure maka ita, kuma yanzu ciyawa ba ta gama bushewa ba akwai ruwa a wurare da yawa, in kana son ganinsu sosai ka sa Abbanka ya dawo da kai tsakanin Fabrairu da Afrilu lokacin da ƙishi ke tara su a bakin Gaji. Zaki ma ya ce akwai amma 'yan kaɗan ne, su kansu sai su daɗe ba su gani ba. Ku sa riga mai dogon hannu, ƙudan tsando sun yi mana aiki a hannu da wuya. Mun leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin, fatu da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta, a nan na san tun 1956 aka keɓe dajin aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991 sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006.

Birai kuma ku yi hankali da su, bika ne manya suna yawo a sansanin kamar masu gida. Ma'aikata sun gargaɗe mu a rufe ƙofa da taga, amma autata ta fito da ledar ragowar masa a hannu, ɗaya ya zo a guje ya fizge ya haye bishiya, ta tsorata sosai da ƙyar aka lallashe ta.

Kafin a taso na ja mai haɗa tafiyar gefe, na ce ƙanina shiga biyu na biya ɗaya na samu, kuma ba tsautsayi ne ya hana ni ba, ganganci ne, kana cikin motar da ake tseren da ita kana gani ba ka hana ba, ka kuma bar mu a daji da mata da yara. Ya ce "Yallaɓai taya ai ƙaddara ce." Na ce ƙaddara gaskiya ce, amma suɗaɗɗiyar safaya da gudun 140 fa? Ya yi shiru, can ya ce za su duba su turo mana wani abu. Ban ma fi jin zafin kuɗin ba kamar yadda ko sannu bai yi wa matar da ta bugu a goshi ba, kuma direban nan shi dai aka sake ba mu. Dattijon nan ne ya ce shi zai zauna a gaba, ya ce yaro in ka wuce 90 a nan zan sauka in kira maka 'yan sanda, da haka muka iso Kano bayan isha lafiya.

Wanda ya tambaye ni Yankari, je ka, ka kai iyalinka, ruwan nan kaɗai ya isa dalili, ni ban taɓa shiga irinsa ba. Wanda ya tambaye ni waɗannan yaran kuwa, ko kyauta suka ce ka zo kar ka sa 'ya'yanka a motarsu, yafiyar da na yi a bakin Wikki na janye ta. Na tura masa saƙo sau uku kan maganar kuɗin, yana buɗewa ba ya amsawa, jiya kuma na ga sun saka tallar wata tafiyar da bidiyon giwayen nan da mu ba mu gani ba. Na riga na yi wa ɗana alkawari in Allah ya kai mu Maris za mu koma, a motata, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mu kwana Bauchi mu shiga da safe.