Ciwo biyu da ke kama mai nutso, da abin da ɗakin matsin iska ke yi musu

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ƙanenka da ke karatu a Alƙahira ya tafi hutu Dahab, a bakin Bahar Maliya, ya fara koyon nutso da tukunyar iska a bayansa. An gaya musu akwai ciwo iri biyu da ke kama mutum bayan ya fito daga ruwa, kuma duka biyun ɗaki ɗaya ake kai su, wato ɗakin matsin iska, wani tanki da ake shigar da mutum a cika shi da iska mai matsi. Kana son sanin bambancinsu, da wanda ya fi haɗari, da kuma ko dole ne a kai mutum wannan ɗakin in an ba shi oksijin a cikin jirgi ya ji sauƙi. Na yi shekaru ina aikin jinya a jirgin da ke rakiyar masu nutso a tekun Neja Delta, saboda haka bari in gaya maka abin da na sani.

Tushen duka biyun ɗaya ne, wato nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya sauka a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa daidai da nauyin iskar da muke rayuwa a ƙarƙashinta a tudu. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Na'urar da ke bakin mai nutso tana ba shi iska daidai da wannan matsin, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai buɗu ba. Sauka ba ta cika kawo waɗannan cututtukan ba. A hawowa ake samun matsala, kuma ta hanya biyu.

Na farko shi ne ciwon kumfar naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, jiki kuwa ba ya amfani da shi. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da kitse da gaɓoɓi, yana taruwa gwargwadon zurfi da daɗewa. Ka tuna lemon kwalba: yana rufe ba ka ganin komai a cikinsa, ka buɗe a hankali iskar ta fita shiru, ka fizge marfin ya yi tsiri. Haka jikin mai nutso yake. In ya hawo sannu, naitirojin ya bi jini zuwa huhu ya fita da numfashi. In ya yi gaggawa, sai ya zama kumfa a inda yake.

An san ciwon tun kafin a yi tukunyar goyo. Ma'aikatan da ke haƙa tushen gadoji a cikin ɗakunan da aka cika da iska mai matsi suna cikin waɗanda suka fara shan wahalarsa. Babban injiniyan gadar Buruklin a Niyok, Washington Roebling, ya kamu a 1872, sauran aikin daga ɗakinsa ya kula da shi, matarsa Emily ce ke kai saƙonninsa wurin ma'aikata. A 1878 Bafaranshe Paul Bert ya nuna cewa kumfar naitirojin ce ke jawo shi. A 1908 kuma John Scott Haldane, bayan gwaji a kan awaki, ya fitar wa sojojin ruwan Ingila jadawalin hawowa zango-zango. Kwamfutar da ƙanenka ke ɗaurawa a hannu, mai lissafa masa zurfi da lokacin hawowa, jikanyar wannan jadawalin ce.

Alamunsa sukan zo a sace. Wani ciwo mai nauyi can cikin kafaɗa ko gwiwar hannu, wanda tausa ba ta kai gare shi, sauya kwanciya ma ba ya rage shi. Gajiyar da ta fi ƙarfin aikin da aka yi. Ƙaiƙayi, ko fata ta yi ja-ja da shuɗi-shuɗi a ciki ko ƙirji. Mafi muni shi ne in kumfar ta taɓa laka: ƙafa ta mutu, ta yi nauyi, fitsari ya tsaya. In ta taɓa cikin kunne kuwa, sai jiri da amai, mutum ya kasa tsayuwa. Da yawa suna farawa cikin awa guda da fitowa, wasu sai bayan awa shida ko takwas, kusan duka dai kafin awa 24.

Na biyu shi ne shigar iska cikin jijiyar jini ta huhun da ya yage. Wannan babu ruwansa da narkewar naitirojin. Ka hura balan-balan a mita 10 ka sake shi, kafin ya kai sama ya ninka girmansa biyu. Huhu haka yake. Mai nutso ya cika ƙirji a ƙasa, ruwa ya shiga abin rufe idonsa ko ya ji iska ta yanke, ya firgita, ya riƙe numfashi ya yi sama da gudu. Iskar ta kumbura ba hanyar fita, sai ta yaga 'yan jakunkunan huhu, ta shiga jini, zuciya ta harba ta zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya kamar shanyewar ɓarin jiki ne: suma, farfaɗiya, rikicewar magana, gani ya ɗauke, ɓangare guda ya mutu. Wani lokacin da ciwon ƙirji da kumfar jini a baki. Kuma ba ya jira. Yawanci cikin minti goma da fitowa, sau da yawa mutum bai ma kama tsanin jirgi ba.

In ka jera su, na farko yana bukatar zurfi da lokaci, don sai jiki ya sha naitirojin ya ƙoshi. Na biyu ba ya bukatar ko ɗaya: a kwamin wanka, daga zurfin da bai kai mita biyu ba, numfashi ɗaya da aka ja daga tukunya aka riƙe ya isa. Na farko ya fi samun wanda ya daɗe a ƙasa, ko ya yi ta shiga yana fita kwana da kwanaki, ko ya tsallake zangon tsayawa. Na biyu ya fi samun sabon shiga da ya firgita, da mai asma ko wani tsohon ciwon huhu. Na farko yana ba da sa'o'i, na biyu mintuna. Ka tambayi wanda ya fi haɗari. A wurin kisa nan take, na biyu ne. A wurin nakasa mutane, na farko na fi tsoro, domin yana ba mutum damar musu. Masu nutson farautar lobsta na ƙabilar Miskito a Honduras da Nikaragwa, waɗanda ke shiga ruwa mai zurfi sau da yawa a rana ba kwamfuta ba jadawali, da yawansu yau ƙafafunsu sun shanye, kuma wannan ciwon ne ya yi musu haka.

Mu a Najeriya muna da misalin da ya bayyana na farkon sarai. A ranar 26 ga Mayu 2013 jirgin Jascon 4 ya kife a tekunmu, ya nutse zuwa kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutson ceto suka same shi, ba su fito da shi sama kai tsaye ba, duk da kwana biyu da rabi da ya yi cikin duhu da sanyi. Jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, fitowa haka nan za ta iya kashe shi. Sai suka shigar da shi wata tukunyar ƙarfe mai matsi a can ƙasa, aka ɗaga ta, aka mayar da shi ɗakin matsin iska, ya ƙara wasu kwanaki ana sassauta matsin kaɗan-kaɗan. Daga baya shi kansa ya koyi aikin nutso.

To, a kan jirgi babu wanda zai zauna yana tantance wanne ne ya kama mutum. Likitoci ma sun haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya saboda taimakon farko iri ɗaya ne. A kwantar da shi a miƙe, a gefe in yana amai ko ya suma. A sa masa oksijin zalla, kar a cire. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya sha. A kira masu ɗakin matsi, a kama hanya. Akwai ƙungiyar DAN ta kula da lafiyar masu nutso, wadda aka kafa a jami'ar Duke ta Amurka a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana don irin wannan.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Oksijin na jirgi da ɗakin matsi ba aiki ɗaya suke yi ba. Oksijin zalla yana hana sabon naitirojin shiga jini, sai wanda ke cikin kumfa ya fara zurarewa. Yana da amfani ƙwarai, har yakan kawar da alamun gaba ɗaya. Amma bai matse kumfar ba, kuma bai kai oksijin mai yawa ga lakar da jini ya yanke mata ba. Shi ya sa alamu kan dawo bayan an cire shi.

Na ga haka da idona. Wani mai nutso, magidanci, ya fito da rana yana murza kafaɗa, ya ce igiya ce ta ja shi. Muka sa masa oksijin, cikin rabin awa ya ce ya warke, ya cire abin da kansa ya tafi cin abinci. Tsoronsa kar a dakatar da shi daga aiki, ga iyali. Bayan isha'i ya zo wurina yana dafa bango, murya ƙasa-ƙasa, ya ce tun la'asar bai yi fitsari ba, tafin ƙafarsa kuma kamar ya taka auduga. A daren muka shiga ɗakin tare. Ya tashi da ƙafarsa, alhamdu lillahi, amma sai da aka maimaita masa zama da yawa, kuma har na bar aikin yatsun ƙafarsa ta hagu ba su dawo daidai ba. Har yau ina jin nauyin waɗannan sa'o'in da na bar shi ya tafi.

Ɗakin kansa kamar tankin mai ne a kwance, da gado, da 'yar taga mai kauri. Kayan auduga kawai ake shiga da su. Ba waya, ba ashana, ba man shafawa, domin inda oksijin ya yi yawa tartsatsi ɗaya gobara ce. In an rufe ƙofa iska ta fara shigowa da ƙara, ɗakin ya ɗau zafi, kana ta toshe hanci kana hura kunne. Ana kai matsin daidai da zurfin mita 18. A nan kumfa takan koma kusan kashi ɗaya cikin uku na girmanta, sannan mara lafiya yana shaƙar oksijin zalla, wanda a wannan matsin yake narkewa cikin ruwan jini har ya isa wuraren da suka toshe. Tsarin da aka fi bi shi ne Jadawali na 6 na sojojin ruwan Amurka, wanda aka fito da shi a shekarun 1960: minti 20 na oksijin, minti 5 na iskar yau da kullum, a maimaita, sannan a sassauta zuwa mita 9 a daɗe a can. Gaba ɗaya awa 4 da minti 45, ana iya ƙarawa. Hutun minti biyar ɗin yana da dalili, domin oksijin mai matsi in ya yi yawa yana jawo farfaɗiya. Ni da ke ciki aikina shi ne in riƙa kallon leɓensa ko yana rawa, in riƙa taɓa ƙafarsa ina tambaya, nan fa, kana ji? Ga mai yagaggen huhu akwai ƙarin abu guda: in iska ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, sai an sa bututu an fitar da ita, in ba haka ba za ta kumbura lokacin sassauta matsi.

Abu biyu kada a yarda da su. Ɗaya, a mayar da mutum cikin teku da tukunyar iska wai kumfar ta narke. Hakan ƙara masa naitirojin yake yi, kuma in ya suma a can ƙasa shi ke nan. Biyu, waɗancan jakunkunan roba da ake hurawa a wuraren gyaran jiki ana kiransu ɗakin oksijin. Matsinsu yawanci bai wuce na mita uku ba, ba su kai ko kusa da abin da ake bukata ba.

Game da ƙanenka, Malam, yankin yana da ɗakin matsi a Sharm el-Shek, kuma haɗarin kaɗan ne ga wanda ya bi ƙa'ida. Ka gaya masa kar ya taɓa riƙe numfashi muddin na'urar tana bakinsa, ya hawo a hankali kamar mita 9 a minti, ya tsaya minti uku a mita 5. Kafin ya hau kowane jirgin ruwa na nutso ya ce a nuna masa tukunyar oksijin ya ga a cike take. In yana da asma ya faɗa, kar ya ɓoye a takardar lafiya. Sannan ka tambaye shi ranar komawarsa. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa aƙalla awa 18, ni awa 24 nake cewa, domin matsin cikin jirgin sama kamar na kan dutse mai tsawon mita 2,000 ko fiye ne, kumfar da ta lafa sai ta kumbura. Hawan dutse ma haka yake. Na san ɗalibanmu in sun je Sina sukan so su ziyarci Dutsen Ɗuri Sina, wanda tsawonsa ya kai mita 2,285, kuma daga Dahab da daddare motoci ke tashi don a riski fitowar rana a samansa. In yana da wannan niyyar, ya yi ziyarar kafin ya fara nutso, ko ya bar kwana guda cur a tsakani.