Kwana huɗu a duwatsun Abzin da motar haya: abin da na ji daɗi da abin da ya ɓata mini rai

Da hunturun da ya wuce ni da ƙanena muka tashi daga Damagaram zuwa Agadas, muka ɗauki shatar wata Land Cruiser a hannun wani kamfanin yawon buɗe ido: direba, ɗan rakiya, abinci da barguna, duk a kuɗi ɗaya. An ce mana za a bi hanyar Arlit zuwa Dabus, a shiga Iferwan, a gangaro ta Asode zuwa Timiya, a dawo gida. Takardun izini su suka yi zirga-zirgarsu, kuma a duk shingen jandarma ba mu taɓa wuce 'yan mintoci ba. Nan kam sun ci kuɗinsu.

Kafin mu tashi mun hau hasumiyar babban masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsayin mita 27 da aka fara ginawa a 1515. Matakalar ciki ƙunci gare ta, sai ka sunkuya, kafaɗunka na gogar bango. Mai tumbi ya yi shawara da kansa tukuna.

Direbanmu dattijon Buzu ne, Hausa a bakinsa rangaɗau, ni dai Baba nake ce masa. Ban taɓa ganin wanda ya san ƙasa kamarsa ba. Idan muka zo busasshiyar ƙorama mai yashi sai ya sauko, ya rage iskar tayoyi, ya murza yashin a tafin hannu kamar mai sayen gero, sannan ya zaɓi inda zai bi. Ko sau ɗaya ba mu kafe ba. Da dare shi ke toya mana gurasar Buzaye: ya kwaɓa gari, ya ture garwashi gefe, ya binne kwaɓin cikin yashi mai zafi, ya mayar da wuta a kai. In ta nuna ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Na yi ta tauna a hankali ina jiran yashi ya gamu da haƙorina, shiru.

Matsalata da ɗan rakiyar ce, wani saurayi da agogo ya fi masa komai muhimmanci. A Dabus akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. An fitar da zanen fatar jikinsa tabo bayan tabo, ga wani layi da ya taso daga bakinsa ya gangaro har kan wani ɗan ƙaramin mutum. Ina tsugune ina mamakin yadda wurin da yau ko akuya da ƙyar take samun abin tsinka ya taɓa ciyar da raƙumin dawa, sai na ji: "Malam, a yi haƙuri, rana na yi." Ko minti 20 ba mu cika ba.

Haka ya yi mana a Asode, kuma wannan ta fi yi mini ciwo. Kufai ne na tsohon birnin Abzinawa, bangayen dutse a tsaye ba rufi, ragowar babban masallaci, fasassun tukwane warwatse ko'ina ka taka. Na tambaye shi ko yaƙin da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi da Faransawa daga 1916 zuwa 1917 ne ya ƙarasa garin, sai ya ɗaga kafaɗa. Baba ne ya ba ni abin da ya ji daga manya, muna tafe yana tuƙi. Amma a Iferwan, wurin maƙeran azurfa, mun fi awa biyu ba wanda ya duba agogo. Ban ce komai ba, kowa dai ya san dalili. Na sayi zobe ɗaya don kunya.

Timiya ce ta wanke mini zuciya. Bayan yini guda na baƙaƙen duwatsu kamar an ƙone su, sai ka karya kwana ka ga kore shar: dabino, lemo, rumman, albasa a fangali. Wani mai lambu ya tsinko mana lemo, ya ƙi karɓar ko dala. Raƙumi na jan guga daga rijiya, yana zuwa yana dawowa, ruwa na bin 'yar hanyarsa zuwa shuka. Da yamma muka hau tsohon sansanin sojan Faransa da ke kan dutse, gari da lambuna duk a ƙasanmu. Magangarar ruwan da ke wajen gari kuwa siririya muka same ta, amma kududdufin ƙasanta sanyinsa har ƙashi.

Bargunan da suka ba mu ba su isa ba. Sanyin duwatsun nan da asuba ba irin na Damagaram ba ne, alwala sai da Baba ya ɗumama mana ruwa a butar shayi. Wanda zai je ya ɗauki nasa bargon, kuma tun a Agadas, kafin ya miƙa kuɗi, ya sa a rubuta masa awa nawa za a tsaya a kowane wuri. Ni in Allah ya sake kai ni, lambar Baba na riƙe, kuma kwana biyu zan yi a Timiya.