An yi mini aikin leza a kan tsagewar dubura a Abuja

Ciwon da mutum ke kunyar faɗa ne, shi ya sa nake rubutawa. Na daɗe ina fama da zafi kamar yankan reza duk lokacin da na zaga, ga ɗan jini ja, sannan raɗaɗin ya wuni tare da ni a kujerar ofis. Kowa cewa yake basir ne, har masu tallar magani a tashar Jabi.

Likitan tiyata a wani asibitin kuɗi a Wuse ya duba ya ce fatar bakin dubura ce ta tsage. "Malam, akwai tsoka ta ciki da ke ɗaure ƙofar," in ji shi. "Taka ta ƙanƙame, jini ba ya isa wurin sosai, shi ya hana ciwon warkewa." Bai yi gaggawar kai ni tiyata ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Ya fara ba ni wani man shafawa mai sassauta tsokar da ake kira GTN, wanda ya riƙa sa mini ciwon kai, ya haɗa ni da zama cikin ruwan ɗumi da cin ganye. Da makonni suka wuce ba sauƙi, sai ya kawo maganar yanke ɗan gefen tsokar.

Allurar kashin baya aka yi mini, ido biyu nake. Da leza, wato siririn zaren haske, ya yi yankan, ban ji komai ba sai ɗan ƙauri. Jini kaɗan ne, a ranar na koma gida. Zagawar farko na shiga da fargaba, na fito ina hamdala.

Sai dai kuɗin ya yi yawa, inshorar ofishinmu kuma ba ta biya ba. Shi kansa likitan ya ce yankan wuƙa na gargajiya yana warkar da fiye da kashi 90 cikin 100, leza dai ta rage zubar jini. Ya kuma gargaɗe ni tun kafin in sa hannu cewa in aka yanke tsokar fiye da kima, riƙe iska yakan gagari mutum. Na ɗan fuskanci haka a farko, har alwala ta riƙa ba ni wahala, daga baya ya daina.

Da za a sake, wurinsa zan koma, ko da wuƙa zai yi aikin.