Karen turawa na kuɗi ko karen gida na kyauta: wanne ya dace da gadi a Zariya?

Malam, ka ce ka tare a sabon gida a bayan Hanwa, unguwar ba ta gama cika ba, kuma sau biyu ana tsallaka maka katanga. Kana tambaya ko ka sayi tsantsar karen turawa, ko ka karɓi wanda ba shi da mai shi ka riƙe. Na riƙe kowanne, don haka ga abin da na gani.

A Ingila da Amurka akwai gidajen da ake tara karnukan da aka yasar, mutum ya je ya zaɓa. A nan abin da ya fi kama da haka shi ne kwikwiyon da karyar maƙwabci ta haifa ya rasa yadda zai yi da su, ko na mafarauta, ko babban karen da mai shi zai bar gari yana neman wanda zai miƙa wa. Da waɗannan zan kwatanta.

Amfanin tsantsar kare shi ne ka san abin da za ka samu tun yana ƙarami. German Shepherd, wanda muke kira karen 'yan sanda, a Jamus aka tsara irinsa tun 1899 don kiwon tumaki da aiki, kuma yana da saurin ɗaukar horo. Boerboel daga gonakin Afirka ta Kudu ya fito, Rottweiler shi ma Bajamushe ne. Ɓarawo ya leƙo ya ga ɗayansu a tsaye, zai sake shawara. Wannan kwarjinin karen gida ba shi da shi, gaskiya ɗaya ce.

To amma kuɗin saye shi ne mafi sauƙin abin da za ka biya. Babban Boerboel yakan haura kilo 60, kuma ba a riƙe irin wannan jiki da ragowar tuwon dare. Sai ka nemo kawunan kaji, ƙashi daga mahauta, ko abincin buhu da ake sayarwa, kullum ba fashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga zafin Maris da Afrilu: karen da aka yi wa gashi don sanyin Turai, idan ka ɗaure shi a ɗakin kwano da rana, za ka same shi ya zaro harshe yana haki kamar zai shiɗe. Ga kaska da damina. Takan maƙale a cikin kunne da tsakanin yatsu, ta sa masa zazzaɓin da ke shanye jini, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat. Karen 'yan sanda kuma yana da ciwon ƙugu na gado, wanda sau da yawa ba ya nunawa sai ya girma ya fara jan ƙafafun baya.

Sai batun masu sayarwa, wanda nan ne na sha tawa. Wani ya nuna mini hoton uwa da uba a waya, ya kawo mini kwikwiyo a kwali, ya ce an yi masa allura. Ban nemi kati ba. Kwana biyar ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin wari da har yau ban manta ba. Parvo ce, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka, musamman ƙanana. Ƙarin ruwa bai cece shi ba. Laifina ne rabi, don ban je na ga uwar da idona ba. Idan za ka saya, ka je inda aka haife shi, ka ga uwar tana tafiya, ka ga tsabtar wurin, ka karɓi katin rigakafi mai sa hannun likita, kuma kada ka raba shi da uwarsa kafin mako 8.

Karen gida kuwa ɗan ƙasa ne. Gashinsa gajere, jikinsa ba nauyi, ya saba da ranarmu, abincin gida da ɗan kifi ko ƙashi ya ishe shi. Kunnensa ba ya barci. Wanda ke gidana yanzu, ja mai farin ƙirji, wani mafarauci ne ya ba ni shi. Ko akuya ce ta goga jikinta da ƙofa da dare sai ya tashe mu. Kuma abin da mai gida ke bukata ke nan, a tashe shi. Cizo kam masifa yake jawowa, musamman a unguwar da almajirai da yaran maƙwabta ke shigowa ɗibar ruwa.

Aibin karen gida biyu ne. Yana da yawo, in ba a killace shi ba zai bi karnukan gari, musamman namiji, sai dai a kai shi likita ya dandaƙe shi. Sannan idan babba ka karɓa, ba ka san tarihinsa ba: ko an taɓa yi masa allura, ko dukan da ya sha ya sa shi tsoro da saurin kai cizo. Wanda aka tsinta a titi kada ya shiga cikin iyali sai likita ya duba shi.

Inda suka yi kunnen doki shi ne ciwon haukan kare. Ba ya tambayar asali, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Ana yi wa kwikwiyo allurarsa daga wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Mu a Zariya ba mu da uzuri, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru.

Da yake wannan ne karenka na farko, kuma gadi kake nema, ni dai karen gida zan ce ka ɗauka, ɗan wata biyu, daga gidan da ka ga uwarsa. Kuɗin da ka ware na saye ka yi masa ɗaki mai inuwa can nesa da inda ake alwala da girki, ka ware masa kwanonsa, sauran ka biya allurai da maganin tsutsa. In ka riƙe shi shekara biyu ka ga ba ka gaji ba, lokacin sai mu yi maganar Boerboel.