Wata uku ina zaman laburaren Kashim Ibrahim, ga abin da na gani

Gaskiya lokacin da nake digirin farko a ABU Zariya ban ɗauki KIL, wato laburaren Kashim Ibrahim, a bakin komai ba in ba wurin karatun jarrabawa ba, a shiga da handawut a haddace a fito, shi ke nan. Sai da na dawo yin mastas, sufabaiza ya ce kada in sake kawo masa babi na biyu sai na ga abin da na gaba suka rubuta a kan batun, sannan na san me ke cikin ginin nan na Samaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne sashen da ake ajiye kundayen digiri da littattafan da suka shafi Afirka. Wallahi akwai aikin da aka buga da tafireta tun kafin a haife ni, takardar ta yi ja amma bayanin da ke ciki babu shi a Google ko ka kwana kana nema, mutum ya shiga ƙauye ya zauna da dattawa ya rubuto abin da suka faɗa masa, yawancinsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Kwana huɗu na yi a kan kundi guda ina kwafa da hannu.

Jami'ar dai an buɗe ta a 1962, Sardauna ne uban jami'ar (Chancellor) na farko, laburaren kuma sunan Sir Kashim Ibrahim ya ci, mutumin Borno da ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Ni har na gama aji huɗu ban san wannan ba, kuma na tabbata irina suna da yawa.

Laburaren ba shi kaɗai ba ne fa, akwai rassa, kamar laburaren Shugaba Kennedy da ke Kongo da na harkar noma da na likitoci. In kuma tarihin Arewa kake bi kamar ni to dole ka leƙa Arewa House a Kaduna, ita ma ta ABU ce, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970, can na fara riƙe tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da hannuna.

Ma'aikatan da na haɗu da su Allah ya saka musu da alheri, wata baiwar Allah ce ta zauna ta koya min yadda ake bin lambar littafi daga katalog har zuwa kantar da aka ajiye shi, ita ce kuma ta nuna min Kubanni, rumbun jami'ar na intanet inda ake sauke kundaye da dama daga waya.

Shawarata ga ƙannena, ku zo da katin shaidarku, kuma in jarrabawa ta matso ku yi sammako don kujera ba ta jiran kowa.